Rusau a Cikin Ƙashi

Mu mutanen Gashua akwai kalma guda da ke tsinka mana zuciya, ita ce ƙoda. Shekara da shekaru ciwonta yana ɗauke mana mutane unguwa-unguwa, har ta kai ba ma jiran likita kafin mu yanke hukunci. Saboda haka da Goggonmu ta fara kwankwaɗar ruwa kamar rairayi, tana fitsari dare da rana, ciki kuma ya ɗaure kwana huɗu, sai muka dubi juna muka ce abin ya shigo gidanmu. Ranar da ta kira autanmu da sunan marigayi mijinta, wasunmu suka ce iska ce.

Muka ɗauke ta a mota, muka bi ta Jajimaji zuwa Nguru. Da sakamakon jini ya fito, likita ya durƙusa gabanta ya ce, "Mama, ko akwai wani kumburi a jikinki?" Ta daɗe tana kallon ƙasa. Ashe shekara biyu tana rufe da ƙari a nono, kunya ta hana ta faɗa mana, mu kuma ba mu taɓa tambaya ba.

Sinadarin kalsiyum ne ya cika mata jini. Ma'auninsa ga mai lafiya bai wuce 2.1 zuwa 2.6 ba, nata ya haura 3. Muka yi mamaki, domin mun ɗauka ƙashi abu ne matacce kamar dutse. Ashe gida ne na ƙasa da ba a gama yi masa yaɓe. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta iri biyu: 'yan rusau masu kankare tsohon gini, da magina masu bin sawunsu suna cike gurbin. Da wannan karɓa-karɓa ƙasusuwan baligi ke sabuntuwa cikin kimanin shekara 10, kuma kashi 99 cikin ɗari na kalsiyum ɗin jiki a nan yake ajiye, tare da haƙora.

Sankara ba ta cin ƙashi da bakinta. 'Yan aike take yi. Tana fitar da wani sinadari mai kama da na wasu ƙananan halittu huɗu da ke wuya, waɗanda aikinsu daidaita kalsiyum ne. Sai a 1987 masu bincike, ciki har da na birnin Melbourne, suka gano shi. Abin takaicin shi ne magina ke karɓar wannan saƙon ƙarya, su kuma su tayar da 'yan rusau. Rushewa ta tsere wa gini, ɓaraguzai su zube cikin jini, abin da ya fito daga ƙashin kuma ya zama taki ga sankarar. Ita ƙodar da muke zargi, kalsiyum ne ya hana ta riƙe ruwa. Goggo na sha, yana zurarewa, jinin na ƙara kauri.

Aka ɗaura mata ruwa leda bayan leda, aka yi mata wata allura mai manne wa ƙashi, wadda in 'yan rusau suka ci sai su mutu. A rana ta uku ta buɗe ido ta kira kowannenmu da sunansa, har ta yi mana faɗan barin awakinta hannun maƙwabta. Likita bai ruɗe mu ba: an tsayar da rusau na ɗan lokaci, amma ramukan da ke ƙugunta ba za su cike ba.

Muka koma Gashua. Da damina ta ɗauke, ta sa muka kwaɓa ƙasa muka yaɓe katangar ɗakinta, tana kishingiɗe a tabarma tana nuna mana da sanda inda muka bari. Kafin sanyi ya kama, Allah Ya karɓi abinSa.