Gonar Kawu ta zama unguwa

Shekara shida rabona da Kano, sai Asabar ɗin nan na hau mota daga Zariya zan gaida Kawu a Kumbotso. Muna haye gadar Tamburawa gonaki suka fara ƙaranci. Rukunin gidajen Amana da Kwankwasiyya, waɗanda aka kafa a bayan gari zamanin gwamnatin 2011 zuwa 2015, yau gari ya iske su.

Mai Adaidaita ya sauke ni a bakin wani lungu, ya ce nan kekensa ya ƙare. Na tsaya ina dube-dube, ashe a gonar da muke roron gyaɗa muna yara nake tsaye. An raba gado, dillalai sun shigo da awon igiya, fuloti guda an tsaga shi biyu ko uku. Babu kwata, babu filin makaranta. Kududdufin da ke shanye ruwan Agusta an cike shi da shara, an ɗora shaguna. Da Kawu ya fito tarbata, ya buɗe hannuwansa a cikin lungun, suka kusa taɓa bango da bango.

"Ɗan nan, ka ga lungun nan? Makara ma sai an karkata ta."

A tsakar gida na tarar da matarsa tana tankaɗe ƙarƙashin rumfar buhuna. Maƙwabci ya tayar da bene hawa uku na haya, tagoginsa na leƙen madafinta, ga banɗakin gidan ba rufi. Wannan ya tsaya mini a rai. Ni kam ba na ƙin bene. Jihar da aka ƙidaya mutum miliyan 9.4 a 2006, kuma haihuwa da baƙi ba su tsaya ba, dole ta nemi sama, in ba haka ba gini zai cinye gonaki har Kura. Amma ai ana iya juya taga ta kalli titi.

Da la'asar muka je filin da ya rage, inda yara ke ƙwallo, ake sallar jana'iza. Tuni an kafa turaku masu jan fenti a kusurwoyinsa.

Masu unguwanni da hukumomin tsara birni, don Allah kafin a zuba tushe a irin waɗannan filaye, a fitar da hanya da magudanar ruwa, a bar wa yara wurin wasa.