Ƙugiyar da Ta Raba Baƙi da Baki

A Gbalahi, wata unguwa ta gefen birnin Tamale a arewacin Ghana, akwai wani matashi mai gyaran waya, Bahaushe haifaffen Zango. Da walimar saukar Alƙur'ani ta makarantar unguwa ta gabato, sai Liman ya nemi ya haɗa musu allon lantarki da zai riƙa nuna lokutan salla, ranar walima kuma ya yi wa jama'a maraba. Matashin ya amsa nan take, don ya ɗauka aikin yini biyu ne.

Ya sayo tubalan fitilu guda 8, kowanne da ƙwayoyi 64 a layi takwas-takwas, da guntun sarrafawa mai suna MAX7219 a bayansa. Ya jona su a jere, ya haɗa da 'yar na'urar Arduino. Ƙwayoyin fitila 512 ke nan, amma ban da wayoyin wuta, waya uku rak ke kai musu saƙo. Ta farko tana ɗauke da bayanin, bit ɗaya bayan ɗaya, kamar mutane a ƙunƙuntar gada. Ta biyu tana buga lokaci, kowane bugu bit ɗaya ya wuce. Ta uku ita ke ba da umarnin a kama abin da ya iso a haska shi. Kowane tubali yana karɓar bit 16 kafin ya kunna layi guda, saboda haka cika allon sau ɗaya yana cin bit 1,024.

Manhajar da ke tsara wannan zirga-zirga ita ake kira direba, kuma ita ce ta hana shi barci. A rubutunsa na farko, yakan share allon gaba ɗaya kafin ya aika sabon hoto, sai rubutu ya riƙa kyaftawa har ido ya yi yaji. Daga baya ya gane cewa a ƙwaƙwalwar Arduino ya kamata ya fara zana hoton, ya gwada shi da na baya, ya aika layukan da suka sauya kawai. Allo ya natsu.

Sai ya rubuta “Maraba da baƙi”. Inda ƙ take, wasu ɓaragurbin alamomi biyu suka fito. Dalili shi ne jerin haruffan da ya samo na tsarin ASCII ne, wanda aka fara fitarwa a Amurka a 1963, mai gurabe 128, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. A tsarin UTF-8 kuwa, ƙ bayit biyu ce, 198 da 153, direbansa yana ɗaukar kowanne a matsayin harafi mai zaman kansa. Ganin lokaci ya ƙure, ya musanya ta da k.

Bayan Magariba ya kai allon masallaci. Liman ya karanta, ya yi shiru, sannan ya ce, “Ɗana, bakin wa muke yi wa maraba?”

“Allah gafarta Malam, ai kowa zai gane.”

“Za su gane, su kuma yi dariya. Yaran da muka shekara muna koya wa bambanta harafi da harafi, me za mu ce musu?”

Matashin ya naɗe wayoyinsa ya koma shago. A daren ya koya wa direba cewa idan ya ga bayit irin 198, kada ya yi gaggawar zana komai, ya jira na biyu, ya haɗa su, sannan ya nemi harafin. Saura zanen kansa. Haruffansa faɗin ɗigo 5 ne da tsayin 7, don haka ya ari layi na takwas ya ɗora ƙugiya a kan sandar k da ta b. Ita ɗ ta fi gardama, domin sandarta tana can ƙarshen dama, ƙugiyar ba ta da wurin lanƙwasawa, sai da ya ƙara mata ɗigo na shida a faɗi. Ita kuwa 'y ba ta buƙaci komai ba, tunda alamarta da harafinta duk suna cikin tsohon jerin.

Ɗalibin da ke rubuta kafa yana nufin ƙafa, ko kasa yana nufin ƙasa, yakan fake da cewa wayarsa ce ba ta da harafin. Wannan matashi ma nasa allon ba shi da shi, da ɗigo biyu ya samar masa.

Ranar walima allon ya yi wa baƙi maraba da ƙugiyarsu. Ana watsewa sai wani malamin makaranta, Badagombe, ya tare shi a ƙofa, ya ce su ma a Dagbani suna da ŋ da ɣ da ɛ da ɔ da ʒ, ko allon zai iya? Matashin ya zaro takardarsa mai gidan dara, ya ce, “Malam, zana mini ta farkon in gani.”