Odar Kotu da Damina

Litinin, 20 ga Mayu, 2024
Gonar Baba. Yashi tsibi guda a gindin kuka, bulo a jere, an haƙa harsashi tun daga iyakar gabas. Magina sun ce Alhaji ne ya sa su. Wane Alhaji? Wanda ya saya. A hannun wa? Shiru. Yaron da ke ɗebo musu ruwa ne ya ce Baffa.
Ban gaya wa Inna ba tukuna.

Laraba, 22
Ofishin Barista tun hantsi. Na zaci kotun Musulunci za mu, tunda gado ne. Ya ce a'a: gari ya riga ya cim ma gonar, mutumin kuma yana iƙirarin satifiket na gwamna, don haka babbar kotu. Tun dokar filaye ta 1978 filin birni a hannun gwamna yake. Amma satifiket, in ji shi, ba ya wanke cinikin da mai sayarwa bai mallaki abin ba.
Roƙo biyu zai shigar. Ɗaya na gaggawa, alƙali ya ji mu kaɗai. Ɗayan sai an kai wa Alhaji takarda ya zo ya kare kansa. Takardar rantsuwa, hotunan harsashi. Sai wata da na daɗe ina kallo: alkawari cewa idan ta bayyana ba mu da hujjar tsayar da shi, ni zan biya asararsa. Siminti yanzu nawa ne buhu?
Na sa hannu.

Juma'a, 24
An bayar! Kada ya gina, kada ya sayar, har a saurari roƙo na biyu, 3 ga Yuni. Abin bai kai tsawon shan shayi ba. Barista ya ce kada in yi rawar kai, ba a ce gonar tamu ce ba, an dai riƙe masa hannu.
Duk da haka na ci tuwo da daɗi.

Litinin, 27
Masinjan kotu, kuɗin mota daga aljihuna. Alhaji "ya yi tafiya". Aka karanta wa shugaban magina, aka liƙa kwafi a jikin bulo. Suka kwashe cebur da kwanon kwaɓi ba musu. Ɗayansu ya tambaye ni wa zai biya su kuɗin yinin.

Talata, 28
Kano kowa ya zama lauya saboda rikicin sarauta. Sarki a Gidan Rumfa, sarki a gidan Nasarawa, kotun tarayya da odarta, kotun jiha da tata. A teburin mai shayi ana ta musu wacce ta fi ƙarfi. Ni tawa tana aljihun gaba, a ninke huɗu.

Litinin, 3 ga Yuni
Yajin aikin ƙungiyoyin ƙwadago kan mafi ƙarancin albashi. Ƙofar kotu a garƙame, wuta babu. Na tsaya a bakin titi ina bugun Barista: odar ta mutu ke nan? Ya ce in sake karantawa, an rubuta har sai an saurari roƙon, ba a ɗaure ta da rana ba. Sai dai irin wannan oda ba a yi ta don ta daɗe ba, lauyan Alhaji na iya neman a soke ta.

Talata, 4
An dakatar da yajin. Sabuwar rana babu.

Asabar, 8
Ruwa cikin dare, mai yawa. Da asuba Inna ta fito da ƙwaryar irin gero. "Kai, kotun ta hana ƙasa jiƙa ne?" Barista ya ce Alhaji odar ta ɗaure, mu da ke noma wurin tun da ba a hana mu ba, mu dai nisanci harsashin. Muka shuka ɓangaren yamma, ni da ƙannena. Ramin harsashi cike da ruwa, kwaɗi har sun tare.

Talata, 11
Layi uku na bulo sun hau a kusurwar gabas. Simintin ɗanye, na danna da yatsa ya lotsa. Aikin dare. Takardar da aka liƙa ruwa ya cinye ta, saura hatimi.
Jikina har rawa yake. Barista a sanyaye: hoto, da kwanan wata. Akwai Fom 48, gargaɗin cewa saɓa umarnin kotu na kai mutum gidan yari, bayansa Fom 49, ya zo ya faɗi dalilin da ba za a ɗaure shi ba. Amma sai an damƙa wa Alhaji a hannunsa. Wanda har yau ba mu ga fuskarsa ba.

Alhamis, 13
Ba komai. Gero ya tsiro.

Lahadi, 16
Babbar Sallah. Baffa a filin idi, sahu biyu gabana. Na durƙusa na gaishe shi. "Barka da Sallah, Baffa." "Barkanmu dai, ya Innarku?" Shi ke nan. Da yamma ya aiko da cinya. Inna ta ce a karɓa.

Laraba, 26
Zama. Alhaji ya zo, dattijo ne, da carbi, ba yadda na zana shi a raina ba. Takardar cinikinsa da shaidu, da sa hannun Baffa. Ina jin shi ma kuɗinsa yake yi wa kuka.
Lauyansa ya ɗaga hoton geronmu: su an hana su, mu muna shuka. Barista ya ce halin da za a tsare shi ne na kafin a haƙa harsashi, lokacin gona ce, kuma bulon dare fa? Aka yi ta ja. Mai shari'a ya ce zai ba da hukunci kan roƙon a Yuli, kafin nan kowa ya tsaya inda yake, su da mu.
Hutun kotu na shekara na matsowa. In aka shiga, sai alƙalin hutu, shi ma abin gaggawa kawai.

Asabar, 29
Ciyawa ta fara rufe gero, noman farko ya yi. Shiga da fartanya tsayawa ne inda nake, ko motsi? Barista ya yi dariya, sannan ya daina. Ya ce kada kowa ya taka gonar, ranar Litinin zai tuntuɓi lauyan Alhaji, in sun yarda a rubuta a kai wa kotu. In sun ƙi, wani roƙon, wani kuɗin.
Inna ta ce ita ba ta cikin ƙarar, sunanta ba ya takarda. Na ɓoye fartanyar a ɗakina.