A Kano na ga manhajar da ba a gina ba tukuna

Wanda ya taso daga Talata Mafara ya bi ta Gusau da Tsafe da Funtuwa ya shiga Kano, an san inda za a kai shi kallo: Kantin Kwari, kasuwar Kurmi, marinar Ƙofar Mata, da kasuwar waya ta Farm Centre. Duk na zaga, kuma sun cancanci sunan da suka yi. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai wani ɗaki ne a saman bene, inda ɗan ƙanwata yake aiki da abokansa, samari da 'yan mata masu tsara fuskar manhajar waya.

Ba su ne ke rubuta manhajar ba. Nasu shi ne shawarar abin da mutum zai gani in ya buɗe waya: ina maɓalli zai zauna, me za a rubuta a kansa, me zai biyo baya in an danna. Na tarar suna kan wata ta manoman rani, ta odar taki da iri. Yaron ya miƙo mini waya ya ce, "Kawu, saya mana yuriya buhu uku." Na danna, jimillar kuɗi ta fito. Na rage buhu ɗaya, lissafi ya sauka. Na ce a kai kaya Kura, kuɗin mota ya hau kai. Da na nemi abin da ya fi ƙarfin asusun, sai wata murya ta ce mini da Hausa kuɗina bai kai ba. Bayan duk wannan ne ya gaya mini babu taki, babu asusu, ba a rubuta ko layi ɗaya na manhajar ba. Samfuri ne na gwaji, kuma idona bai iya raba shi da na gaske ba.

Da Figma suke yawancin aikin, wadda Dylan Field da Evan Wallace suka fara a Amurka a 2012, ta fito ga kowa a 2016. A da, in ji su, kowane hali sai an zana masa shafinsa: shafin buhu ɗaya daban, na buhu biyu daban, a yi ta ɗaure su da zare har mai zanen ya ɓace a cikin aikinsa. A 2023 aka ƙara mata dabarar riƙe lamba da bin sharaɗi. Yanzu samfurin yana tuna buhu nawa ka zaɓa, ya ninka da farashi, in kuɗi ya kai ya wuce da kai gaba, in bai kai ba ya tsayar da kai. Inda ake son murya kuwa, sai su koma ProtoPie, ta wani kamfanin Koriya ta Kudu. Abin da zai ci masu rubuta manhaja watanni, su a kwanaki kaɗan suke nuna kamanninsa, kuma in ya ƙi, ba a yi asarar komai ba sai zane.

Na bi su Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da tumatir da alkama da shinkafa. A nan ne suka gama burge ni. Wata yarinya ce ke jagorantar gwajin. Ta durƙusa ta gaida wani dattijo a bakin kwalbati, ta ce, "Baba, ba kai muke gwadawa ba, aikinmu muke gwadawa. Duk inda ka tsaya, laifinmu ne." Ta ba shi waya, ta yi shiru. Shirun nan shi ne sana'ar. Dattijo ya daɗe yana duban hoton keken zuba kaya irin na manyan kantuna, wanda a wajen masu zanen yake nufin "saya". Ni da ke gefe bakina na ƙaiƙayi in nuna masa, ita kuwa ko motsi ba ta yi ba, rubutu kawai take. Can ya ce, "'Yata, wannan amalanken na mene ne?" Daga baya ya kira ɗansa ya miƙa masa wayar, yana faɗa yaro na dannawa. Hasken rana ya cinye rubutun mai launin toka. Yatsa mai kaushi da laka ya riƙa danna maɓalli biyu a lokaci guda.

Mutum biyar kawai suka gwada da su, bisa shawarar da Jakob Nielsen ya wallafa a 2000, cewa biyar sun isa su tono mafi yawan matsalolin tsari, gara a gyara a sake gwadawa da wasu biyar. Kafin isha'i amalanke ya koma hoton buhu, maɓallai sun yi girma, rubutu ya yi baƙi wuluk, an kuma ƙara shafin da ke karanta odar da murya domin uba ya ji abin da ɗa ya danna kafin kuɗi ya fita.

Mutumin Mafara ko Bakura ko Maradun ba zai ga wannan bai tuna Bakolori ba. An kammala madatsar a 1978 a kan Kogin Sakkwato, kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina, da niyyar shayar da hekta 23,000, wajen 15,000 daga ciki ta bututun feshi. A takarda tsari ne mai kyau. Amma feshi yana son injin tura ruwa da wuta da kayan gyara a kullum, da waɗannan suka yanke sai bututu ya bushe. Fadamun da ke ƙasa da madatsar, masu dogara da cikar kogi don shinkafa da kifi, suka rasa ruwan da suka saba. Manoman da aka karɓe wa gonaki suka tare hanyoyi suna neman diyya, a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka rasa rayuka da yawa, Allah ya jiƙan su. Sai a 2014 aka amince da shirin TRIMING na Bankin Duniya, wanda gyaran Bakolori ke cikinsa. Madatsa ba waya ba ce, na sani, kuma har gobe muna cin shinkafar ruwanta. Sai dai ban daina tunanin abin da zai faru ba da an fara da 'yan kadada kaɗan, an ba manomi bututun, an tsaya gefe an yi shiru ana kallo.

A Kenya hakan ta yi amfani. Da aka fara gwajin M-Pesa, hanyar biyan kuɗi ta waya, a 2005, don biyan ƙananan basussuka aka tsara ta. Masu gwajin suka lura mutane na tura wa junansu kuɗi da ita, sai suka bi mutanen, aka ƙaddamar da ita a Maris 2007 a matsayin hanyar aika kuɗi gida.

Na ba ɗan ƙanwata da abokansa labarin Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya saboda tsaro. Nan take suka zana sabon hali a samfurin: oda ta jira a cikin waya, da alama mai nuna ba ta tafi ba tukuna, har sabis ya dawo. Ba su yi musu ba, ba su ce ai Kano ba haka take ba.

Kayan wannan aiki kwamfuta ce ɗaya da waya da data. Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Mafara, muna da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa a Bakolori da ke fama da jadawalin ban ruwa da karɓar kuɗinsa, muna da kasuwar Talata da ke tara manoman Mafara da Bakura da Maradun a wuri ɗaya. Na roƙi ɗan ƙanwata ya zo da samfurin bayan girbin shinkafa, ya haɗu da ɗaliban kwalejin su gwada shi a rumfar masu taki. Ya ce zai zo da yarinyar nan, don ita ta fi su iya shiru.