Batirin da ba ya son a bar shi cike

Asabar

Cajar ta iso da hantsi. IMAX B6 ce ta kamfanin SkyRC, ba ta fi tafin hannu ba, da ɗan allo mai layi biyu da madannai huɗu. Na jera mata abin da za ta riƙa ɗawainiya da shi: batura uku na jirgin rimot, samfurin LiPo masu ƙwaya uku-uku, kowane 2,200mAh, batirin NiMH mai ƙwaya shida na motar ɗan yayata, sai ƙaramin LiFe mai ƙwaya biyu da ke cikin rimot ɗin jirgin. A da kowane da tasa cajar, wayoyi birjik a kan tebur.

Ba a cusa ta a soket kai tsaye. Wutar batir take ci, daga volt 11 zuwa 18. Maƙwabcina mai gyaran rediyo ya ga ina juya tsohuwar adaftar kwamfuta a hannu, ya ce, “Malam, duba bayanta tukuna. Yawancin irin waɗannan volt 19 suke bayarwa, sun haura abin da take so.” Ya aro min tasa mai volt 12, amp 5.

Abin da na lura da shi tun yau: cajar ba ta san irin batirin da aka haɗa mata ba, sai an gaya mata. Ƙwayar LiPo tana cika a volt 4.2, ta LiFe a 3.6. Wanda ya ɗora LiFe ya bar saiti a kan LiPo, za ta yi ta ɗura masa wuta har ya wuce iyakarsa, kuma ita a wajenta aikin da aka sa ta take yi.

Lahadi

Cajin farko. Batirin LiPo wayoyi iri biyu ne da shi. Masu kaurin nan, ja da baƙa, su ne hanyar shiga da fitar wuta. Siraran guda huɗu masu farin kai kuwa, ta nan cajar ke leƙa kowace ƙwaya ita kaɗai. Na haɗa duka, na zaɓi BALANCE, na sa amp 2.2. Ƙa’idar masu wannan harka ke nan, wadda suke kira 1C: a raba lambar da ke jikin batir da dubu, abin da ya fito shi ne ƙarfin cajin.

Kafin ta fara sai ta nuna lambobi biyu, adadin ƙwayoyin da ta ƙirga da kanta, da adadin da ni na faɗa mata. Uku da uku. Da sun saɓa, ba a danna komai sai an gano dalili.

Na zauna ina kallon allon. Da farko amp ɗin na tsaye a 2.2, volt na hawa a hankali. Da ya kai 12.6 sai volt ya tsaya cak, amp ya fara sauka. Kamar mai ɗura man gyaɗa a kwalba ne: da fari a kwarara, in an zo wuya a koma ɗigo-ɗigo. A wannan ɗigon ne take daidaita ƙwayoyin, tana rage wa wadda ta yi gaba har sauran su cim mata. An ɗan haura awa guda. Sakamako: 4.20, 4.19, 4.20.

Duk wannan a kan dandaɓen siminti aka yi, batirin na cikin jakar da ba ta kama wuta, nesa da labule da katifa. Uwargida ta ce, “Kai da ka ce injin ne mai tsayar da kansa, gadin me kake yi?” Na ce mata yana tsayar da kansa, amma ba ya kashe gobara.

Litinin

An ɗauke wuta tun asuba. Nan amfanin cin wutar volt 12 ya fito. Na buɗe bonet, na maƙala cajar a batirin mota, na ja waya na ajiye LiPo a ƙasa, ba a cikin motar ba. Batirin jirgi ɗaya wajen 24Wh ne, wato 11.1 sau 2.2, don haka cika guda biyu ba zai karya batirin mota mai lafiya ba. Amma shi an yi shi ne don tayar da inji, ba don a tatse shi ba. A cikin saitin cajar akwai wurin da ake sa mata iyakar da za ta tsaya in wutar da take sha ta yi ƙasa. Na sa volt 11, mafi girman abin da ta yarda, kuma na tsaya a batura biyu.

Babbar matsalar yau zafi ce. Watan Afrilu ne, a Kano ma’auni na taɓa 40 a inuwa, su kuwa baturan lithium ba a so a yi musu caji in sun wuce 45. Tazarar kaɗan ce. Na mayar da lokacin caji bayan sallar Asuba ko bayan Isha’i.

Talata

Ɗan yayata ya kawo ƙarar motarsa. “Kawu, da tana daɗewa, yanzu ko zagaye tsakar gida ba ta gamawa.”

NiMH halinsa daban. Ba shi da wata lamba da za a ce in ya kai ta ya cika. Volt ɗinsa na hawa, in ya ƙoshi sai ya ɗan sauka kaɗan, batirin ya yi ɗumi. Wannan ’yar saukar cajar ke jira ta tsaya. Na cika shi, sannan na sa ta ta sauke shi zuwa volt ɗaya a kowace ƙwaya, tana ƙirga abin da ya fita. An rubuta 3,000 a jikinsa, ya ba da ɗan abin da ya haura 1,900. Na sake zagayen, bai ƙaru da wani abin kirki ba. Tsufa ne.

Yaron ya ce, “To Kawu, a ƙara masa caji mana.” Na nuna masa lambar, na ce caja tana auna batir, ba ta mayar da shi sabo. Bai ji daɗi ba, amma ya rubuta lambar a bayan littafinsa.

Laraba

Wani abokin wasa ya kawo batir ya ce ƙaramar cajarsa ta ƙi karɓa. Tun kafin in haɗa na ga ya kumbura, gefensa ya yi taushi. Cajar ta nuna 3.80, 3.78, 2.61.

Ga inda haɗarin yake. Na’urar da ke sarrafa injin jirgi jimillar volt take gani, ba ta ganin ƙwaya ɗaya-ɗaya. Jimillar na iya zama lafiya lau alhali wata ƙwaya ta faɗi ƙasa da volt 3, inda lalacewa ke farawa. A wajen caji ma haka: cajar da ba ta da hanyar siraran wayoyin nan burinta ta ga 12.6, ko da biyu sun haura 4.2 don su rufa wa ta ukun asiri. Gobarar LiPo sau da yawa daga nan take tashi.

Na ce masa ba zan ɗora shi ba. Ya ce kuɗi ne fa. Na ce rufin ɗaki ma kuɗi ne. Muka binne shi rabi a bokitin ƙarfe mai yashi a bayan gida, muka haɗa masa ƙwan fitilar mota ya shanye sauran wutar a hankali. Ba a huda shi, ba kuma a jefa shi a bola da wuta a cikinsa, ballantana a unguwar da ake cinna wa bola wuta.

Alhamis

An kawo wuta da la’asar, gida ya rikice da neman soket: wayoyi, fitilu, fanka mai caji. Tarbiyyar da ƙarancin lantarki ya yi mana ke nan, in ta zo a cika komai, domin ba a san ranar dawowarta ba. Dabara ce mai kyau a kusan komai, ban da wannan batirin.

LiPo ba ya son zama cike. In ya daɗe a 4.2, musamman a zafi, sinadaran cikinsa na lalacewa, iska ta taru, ya kumbura, ƙarfinsa ya ragu. Ba ya kuma son zama fanko. Wurin hutunsa kusan volt 3.8 ne a kowace ƙwaya, wajen rabin ciki, shi ya sa aka yi wa cajar STORAGE. Masu ƙera wayoyin hannu ma sun bi sahu: iPhone 15 da ta fito a 2023 ta zo da zaɓin tsayar da caji a kashi 80.

Baturana uku a cike suke, biyu za su tashi gobe, don haka na sa a sauke na ukun. Ƙarfin saukewar B6 watt 5 ne kacal, wanda a wannan batirin bai fi amp 0.4 ba. Abin da ta cika a awa guda sai da ta kusa awa uku tana kwashe rabinsa, jikinta ya yi zafi. Ashe gara tun farko a bar batir a 3.8, a cika shi daren da za a fita. Wannan na nufin wani lokaci wuta za ta zo, soket na nan a sake, mutum ya kalle shi ya ƙi sa komai. Wannan ya fi koyon madannai wuya.

Juma’a

Bayan la’asar muka fita fili a bayan gari, nesa da filin jirgin sama da wayoyin lantarki. Na sa agogon rimot ya yi ƙara kafin ƙarfi ya fara raguwa. Da jirgin ya sauka, ƙwayoyin na tsakanin 3.74 da 3.76. Na bar batirin a inuwa ya huce kafin in sake ɗora shi da batirin mota. Ya sha 1,690mAh, bai kai kashi 80 na abin da ke cikinsa ba, iyakar da masu harkar ba sa son a wuce. Lokacin da na sa a agogon ya yi daidai, ba sai an ƙara ba.

Da muka dawo na mayar da su duka 3.8, na manna wa kowane lamba da farin salatif, na buɗe masa shafi a littafi: rana, volt ɗin kowace ƙwaya, abin da ya sha. Ƙwayar da ta fara ja da baya a nan za ta fara nunawa, tun kafin ido ya ga kumburi.

Abokin nan na ranar Laraba yana zancen haɗa babban jirgi mai batir ƙwaya shida, 5,000mAh. Na buga masa lissafi: ƙarfin cajin B6 watt 50 ne, a raba da volt 25.2, bai wuce amp 2 ba. Kowane batir zai ci fiye da awa biyu da rabi. Na ce masa in har da gaske yake, ya sa kuɗin babbar caja a cikin kasafi tun kafin ya sayi farfela.