Kai! Ashe a New Bell Ma Ana Zaman Kotu a Teburin Mai Shayi

Jama'a, ku tsaya ku ji! Don Allah ku tsaya!

Sefa 52,000. Jaka hamsin da biyu. Ko Yuro 80 ba ta kai ba. Tarar da wata kotu a Douala ta ci mutumin da ya amsa da bakinsa cewa dukan da ya yi wa matarsa ne ya yi ajalinta. Jaka hamsin da biyu, da ɗaurin shekara biyar na je-ka-gyara-halinka. Wato ya kama hanyar gida. Gida fa!

Yawon ƙaramar Sallah ne ya kai ni wurin kawuna a New Bell, unguwar Hausawa. Talata ce, 1 ga Afrilun 2025. Zafin Douala ba irin namu na Kano ba ne, zafi ne mai jiƙa, kana zaune riga na manne maka a baya. 'Yan benskin, wato 'yan acaɓa, na ta kurɗawa, hon, hon, hon. Hayaƙin tsire ta nan, ƙamshin turaren Sallah ta can, kwata na nata aikin a tsakiya. Muna zaune wurin mai shayi, ba nisa da masallaci, sai wani saurayi ya ɗaga waya sama.

Yana karanta labarin hukuncin da Faransanci, yana juya mana da Hausa. Da ya zo kan kuɗin, aka kwashe da dariya. Dariya sosai! Ai ɗaya ga wata ne, ranar da 'yan boko ke zolayar juna da ƙarya. Wani ya ce, "Kai yaro, nemi wanda za ka yi wa, ba mu ba."

Sai waya ta biyu ta kawo shi. Sai ta uku. Sai ta mai shayin kansa.

Dariya ta ɗauke ɗif.

Matar da ta rasa ranta, Diane Yangwo sunanta. Malamar makarantar sakandare ce a nan Douala, uwar 'ya'ya. Ta rasu a watan Nuwamban 2023. Shari'ar a Bonanjo aka yi ta, unguwar kotuna da ofisoshi, babbar kotun Wouri. Dokar Kamaru kuwa, sashe na 278 na kundin laifuka, cewa ta yi wanda ya yi dukan da ya kashe, ko da bai yi niyyar kisa ba, shekara 6 zuwa 20 ne. Shida ce mafi ƙaranci. Shida! To ina aka samo biyar, biyar ɗin ma ba a gidan yari ba?

Kai, wurin nan ya kama, kamar an watsa ruwa a kaskon mai. Hausa, Fulatanci, Faransanci, Turancin buroka, duk a numfashi ɗaya. Shayi na hucewa ba mai kula shi. Matar nan ba Bahaushiya ba ce, ba wanda ya san ta a teburin, amma ka rantse ƙanwar kowa ce.

To ga abin da ya sa na ce ku tsaya. Ga shi nan!

Wani dattijo a ƙarshen benci, gemu fari fat, carbi a hannu. Kawu ya raɗa mini cewa a Douala aka haife shi, a Douala aka haifi ubansa. Ya juyo ya dube ni.

"Ɗana, kai ne baƙon Kano?"

"Ni ne, Baba."

"Da a gaban Na'abba aka kai wannan, da jaka hamsin da biyu zai ce?"

Na'abba! Mai shari'a Usman Na'abba! A New Bell! Na saki baki.

Wallahi tsohon nan ya zayyano mini shari'ar Hanifa tiryan-tiryan. Hanifa Abubakar, 'yar shekara biyar, da aka sace a Disamban 2021. Abdulmalik Tanko, mai makarantar da take zuwa, Noble Kids. Naira miliyan 6 da aka nema. Maganin ɓera na naira 100. Yadda matasa suka banka wa makarantar wuta. Ranar hukunci, 28 ga Yulin 2022: rataya ga Tanko da Hashimu Isyaku, shekara biyu ga Fatima Musa. Ranar ma bai manta ba. Ni da na fito daga Kano, sai da na duba waya na tabbatar. Daidai!

Bai rufe baki ba wani tela ya karɓe. Shi Ummita ce tasa. Ummukulsum Sani Buhari, da aka kashe a Janbulo, Satumban 2022, da ɗan Chinan nan Geng Quanrong, da hukuncin da mai shari'a Sanusi Ado Ma'aji ya yanke a Maris na 2024. Wani kuma ya jawo Maryam Sanda, Abuja, Janairun 2020, har yana kwatanta yadda ta zabura daga akwatin masu laifi da ta ji hukunci. Kwatantawa fa yake, da hannu da ƙafa, a gefen titin Douala!

Na ce ikon Allah. Kawu, a ina kuke samun wannan?

Ya yi dariya, ya daddaki aljihu. Waya. BBC Hausa, RFI Hausa, DW, Muryar Amurka, shafukan gidajen rediyon Kano a Facebook. Da saƙon murya na WhatsApp, wanda ya fi su duka gudu. Alƙali na rufe baki a Kano, kafin ɗan jarida ya gama rubutu, wata gwaggo ta riga ta turo murya tana kuka ko tana guɗa.

Abin mamakin kuma, ba wanda ya ga cikin kotun! Ba wanda ya gani! Hoton da ke yawo na ƙofa ne. Motar gidan yari, ankwa, lauya da baƙar riga yana gumi a gaban makirufo goma, dangi na share hawaye. Shi ke nan. Sauran duk baki ne ke ginawa. A shari'ar Martinez Zogo ma, ɗan jaridar Amplitude FM da aka sace a Janairun 2023 aka tsinci gawarsa a wajen Yaoundé, mutum 17 aka gurfanar a kotun soja a Maris na 2024, lauyoyi suka nemi a watsa zaman kai-tsaye, kotu ta ce a'a. To da aka rufe taga, sai mutane suka buɗe tasu kotun. Kowane teburi da alƙalinsa.

Kwanakin da suka biyo baya, kai! Ka kunna tashar Equinoxe, maganar Diane ce. Ka juya Canal 2, ita ce. Lauyoyi, 'yan jarida, matan ƙungiyoyi, kowa na ɗaga murya kan na kusa da shi. A shagon aski talabijin na sama, aska na tsaye a iska, mai kai rabi a aske bai ma damu ba.

Amma cikin gida ne na ji maganar da ta fi taɓa ni. Matar kawu na tankaɗe a tsakar gida, maƙwabta sun cika tabarma. Ba ihu a nan. Ba ihu ko kaɗan. Wata ta ce a hankali, "Hajiya, yanzu an yi mana farashi ke nan." Wata ta ce atamfofin da aka ɗinka wa gidansu na Sallar nan sun fi haka. Aka yi shiru. Sannan matar kawu ta ce abin da ke ba ta tsoro ba alƙali ba ne, iyayen da ke mayar da yarinya ɗaki da kumburarriyar fuska suna cewa ta yi haƙuri, su ne. Ba wadda ta musa. Ni ma ban musa ba, na san gidajen a Kano.

Sannan ga gidan yari. Ai a nan unguwar yake! Babban kurkukun Douala, New Bell ake ce masa, sunan unguwa ya zama sunansa. An gina shi don ɗaruruwa, dubbai ke ciki, da yawansu jiran shari'a kawai suke. Mutanen nan kullum suna ganin mata a layi da kwanon abinci. Don haka da suka ce wanda ya fizge waya na ciki, wanda ya kashe na waje, ba labarin jarida suke ba. Katangar suke nunawa da yatsa.

Unguwar ma kanta daga rigimar hukunci ta fito. Jamusawa ne suka kwashe mutanen Duala daga bakin kogin Wouri suka turo su nan ciki. Sarkinsu Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi, aka yi masa shari'ar gaggawa, aka rataye shi ranar 8 ga Agustan 1914. Tsohon nan mai carbi shi ya tuna mini. Ya san wannan, ya san Na'abba. Kai!

Ban ce kotun shayi ba ta kuskure ba fa. Tana yi, sosai ma. A gabana aka ƙara wa labarin gishiri har ya sauya kama, aka laƙa wa mutane cin hancin da ba mai hujjarsa. Kuma suna ɗaukar Kano kamar can ne adalci ya ƙare. Na gaya musu: Ganduje ya yi alƙawarin sa hannu kan hukuncin Hanifa, ya sauka a Mayun 2023 ba a rataye kowa ba. Rabon Najeriya da aiwatar da kisa tun 2016, a Edo. Kamaru kuwa tun 1997. Suka yi jim. Tela ya ce, "Ko ba a rataye ba, ai an faɗa. An faɗa duniya ta ji." Na rasa amsa.

Ni dai a ganina, ba don hayaniyar nan ba, da takardar Diane ta kwanta a Bonanjo ƙura ta rufe ta. Hayaniyar waya, hayaniyar talabijin, hayaniyar mai shayi, da shirun matan tsakar gida. Aka ɗaukaka ƙara.

Na koma Kano. Watan Yunin 2025, waya ta yi ƙara, muryar kawu ce, bayansa ana ta sowa har ba na jin sa sosai. Sai da ya maimaita.

Kotun ɗaukaka ƙara ta yankin Littoral ta soke hukuncin farko. Shekara 20 a gidan yari, iyakar abin da sashe na 278 ya tanada.