Sunan harsashi da tsawonsa

Mu malaman harshe mun saba gaya wa ɗalibai cewa suna ba ya faɗin dukan abin da ke ga mai shi. Ban ga inda wannan zance ya fi fitowa fili ba kamar a wurin maƙeran Amurka da ke haɗa wa maharbi bindigar farauta bisa ga abin da ya nema.

Aikinsu yana somawa ne daga uwar bindiga, wato gidan ƙarfen nan da sakata ke kai da komowa a cikinsa, tana tura harsashi cikin bututu, tana kuma fiddo kwanso bayan harbi. Kamfanin Remington, a samfurinsa mai lamba 700 na shekarar 1962, ya ƙera ta iri biyu, gajera da doguwa. Gajerar ta dace da harsashin .308 Winchester, mai tsawon milimita 71. Doguwar kuwa tana ɗaukar.30-06, mai kusan milimita 85. Maharbanmu masu ɗura albarushi ta bakin bindiga ba su san wannan damuwa ba.

Ga inda suna ke ruɗa mutum. Wanda ya karanta 7×57, sunan harsashin Mauser na Jamus da ya fito a 1892, zai zaci tsawonsa milimita 57 ne. Alhali kwanson kaɗai aka auna. In an haɗa da kan harsashin, ya kai 78. Gajera ta yi masa kaɗan, doguwa ta bar masa fili. Wasu sukan ƙara cusa kan cikin kwanso domin a tilasta masa shiga gajerar. Sai ya cinye wurin albarushi, matsin wuta kuma ya iya ƙaruwa, a cikin ƙarfen da ke dab da idon mai harbi.

A ganina doguwar ya kamata maƙeri ya zaɓa. Ɗan ƙarin nauyi ne da ɗan ƙarin jan sakata, abin da kafaɗa ke mantawa da shi cikin kwana biyu.

Kamfanin Hornady ya biyo ta wata hanya a 2007. Da zai fito da 6.5 Creedmoor, sai ya rage kwanson zuwa kusan milimita 49, domin dogon kai ya zauna yadda ya kamata, harsashin kuma ya shiga gajerar uwa ba tare da an matsa masa ba.